Huji Biyu da Suka Cinye Saniyata

A garinmu in na ce rana ta fito, sai mutum ya leƙa waje ya duba tukuna. Ban ga laifinsu ba. Ni ne na taɓa cewa na ga tarwaɗar da sai da aka ɗaura mata shanun noma biyu kafin a fito da ita daga ruwa, ni ne kuma na ce sauron unguwarmu ya ɗauke wa liman hula yana tsakiyar alwala. Ba don in cuci kowa nake yi ba. In labari ya zo bakina a rame, sai in ba shi dusa ya ɗan yi ƙiba. Mutane su yi dariya, ni kuma in ji kamar an naɗa min rawani. Wannan labarin ban ƙara masa komai ba, in ban da wurare uku ko huɗu da za ku gane da kanku.

Mu asalinmu masu shanu ne. Inna ta ce garken kakana in ya sauka shan ruwa, sai kogi ya ja da baya taku goma. Kun ga ke nan ba a ƙasa na tsinci halina ba. Abin da ni na buɗe ido na tarar dai shanu bakwai ne. Ciwo ya ɗauki biyu, shekarar da ruwa ya cinye gona aka sayar da wasu aka sayi hatsi, a hankali a hankali har ya rage saura guda, jar saniya mai ƙaho ɗaya a karkace. Ita kuwa tawa ce. Ranar sunana Baba ya ba ni uwarta, yadda ake yi wa kowane ɗa a gidanmu, uwar ta mutu ta bar min ita.

Garinmu yana tsallaken fadama daga hanyar Miga. Da rani babur ke ratsawa. In damina ta yi nisa kogi ya cika, sai ya zo ya kwanta a kan hanyar wata biyu ko uku. Mai zuwa kasuwa, mai kai mara lafiya, ɗalibi mai komawa Kafin Hausa, ma'aikaci mai tafiya Dutse, kowa sai ya shiga kwale-kwale. Da shanu suka ƙare, Baba ya sayi tsohon kwale-kwale a hannun wani masunci ya fara fito, yana turawa da gora. Masuntan mashigi ba su bar shi ya huta ba. Kullum da safe sai ka ji wani ya ɗaga murya: “Ardo, yau kifi nawa ka tatsa?” Baba ya yi murmushi ya wuce. Shi mutum ne da ko ƙaya ya taka a gaban jama'a ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya koma gida.

Bara kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin gora. In ya dawo, Inna ta gasa masa da ruwan zafi, washegari ya koma. Sai ya fara zancen sayen injin kwale-kwale, amma ba da ni ba. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, “kai” ne ko “wannan”. Sai ya je ya tsaya a turken saniyar yana sosa mata wuya, yana magana da ita yadda zan ji.

“Da mutum zai sami inji, da ya yi sawu shida kafin azahar.”

Kwana uku yana gaya wa saniya wannan magana. Ran na huɗu na ce, “Baba, a sayar da ita mana. Inji ma ai saniya ne, sai dai shi fetur yake kiwo.”

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙahon nan nata na karkace, sannan ya ce, “Taka ce fa.”

Na ce na sani. A lokacin gani nake na yi abin jarumta. Ranar da aka ja ta zuwa kasuwa, Inna ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife ta a saman rumbu.

Injin na hannu ne, a Haɗeja muka samo shi wajen wani makaniki gajere mai baƙar riga, wadda ina jin in aka matse ta za a sami man da zai kai mota Kano. Shi da kansa ya biyo mu ya ɗaura. Wani kafinta ya datse bayan jirgin ya sa masa bango na katako. A jikin bangon makanikin ya ɗaure ƙarafa biyu a tsaye, kowanne da huji biyar daga ƙasa zuwa sama, ya sa wani katako mai kauri a tsakaninsu ya ɗaure da noti. A wannan katakon inji ke maƙalewa. In ka kai katakon hujin sama, inji ya hau. In ka sauko da shi, ƙafar injin ta ƙara nutsewa a ruwa.

Yana aiki yana bayani, Baba yana cewa “to, to, madalla.” Can makanikin ya gane wannan “to” ɗin ta ladabi ce, ba ta fahimta ba, sai ya juyo gare ni.

“Kai, mai bakin nan, zo. Kai za ka riƙe shi, ko?”

Muka jawo jirgin kan gaɓa. Ya ɗauko miƙaƙƙen katako ya shimfiɗa shi a gindin jirgin daga waje, ya bar ƙarshensa ya leƙo baya. Sannan ya nuna min wani faffaɗan ƙarfe kamar faranti a saman farfelar injin.

“Ka ga farantin nan? Shi da gindin jirgi dole su zauna a tabarma ɗaya. In ya yi ƙasa da yawa, inji zai yi ta jan laka yana shan mai a banza. In ya yi sama, ka kashe shi da hannunka. Duba nan.” Ya sa farce a wasu ƙananan ramuka a ƙarƙashin farantin. “Ta nan yake shan ruwan da ke sanyaya shi. Ta wannan ɗan bututun na baya kuma yake fitar da shi. Mu fitsari muke ce masa. Idonka a kansa kullum. In ya tsaya, danna jan maɓallin nan ka kashe. Ko uwarka ce a jirgin tana naƙuda, ka kashe.”

Na ce, “Oga, in kuma shi injin ne ke naƙudar fa?”

Ya dungure min kai da sifana. Ya ɗaure katakon a huji na biyu daga ƙasa, ya sake gwadawa, faranti ya taɓa miƙaƙƙen katakon daidai, ya karkaɗe hannunsa ya tafi.

Satin farko ban taka ƙasa ba. Ni ke baya riƙe da hannun inji, Baba a gaba da gora yana duba ciyawa. Masunta suka daina tambayar kifi nawa aka tatsa. Na gaya wa yaran unguwa cewa jiya mun bar inuwarmu a tsakiyar ruwa, sai da muka sauke fasinja sannan ta iso tana haki. Na ce kifaye sun kai ƙararmu wajen Sarkin ruwa don mun hana su barcin rana. Kafaɗar Baba ta huta, har na ji shi yana 'yar waƙar kiwo a ƙasan maƙoshi.

Shi kuwa injin, kulawar da ya samu ko ni ban same ta ba ranar da na yi ƙyanda. Kullum da yamma sai mun ciro shi mun kai gida. Baba ya goge shi da tsumma tun daga kai har ƙafa, ya jingine shi a rumfar da saniyar take kwana, daidai turkenta, ya lulluɓe shi da bargonsa. Wata rana na kama shi yana yi masa irin ƙyacin harshen da yake yi wa maraƙi.

A kwana na tara farfela ta daki wani tudun yashi da ruwa ya rufe, ta kwaso laka da saiwar kacala, ciyawar nan da ta cinye mana fadama. Ba abin da ya same ta sai ɗan ɓantarewar fenti, bai kai farcen jariri ba. Amma Baba ya tsuguna yana shafa wurin kamar an sare shi ne a ƙafa. Da yamma ya kai ni bakin ruwa ya miƙo min sifana.

“A ɗaga shi. Huji biyu.”

“Baba, makaniki ya ce farantin nan…”

“Makaniki ya taɓa kiwo? Dabbar da ka bari ta wuni tsaye a laka, kofatonta ruɓewa yake. Shekara arba'in ina fitar da shanu daga damshi. Dubi yadda ƙafarsa take nutse har gwiwa.”

“Ai shi ta ƙafar yake shan ruwa.”

“Wace halitta ce ke shan ruwa ta ƙafa?”

Nan fa ya kamata in tsaya in yi magana irin ta mutane. Sai bakina ya riga ni. Na ce, “To Baba, mu ɗaga shi huji biyar gaba ɗaya, mu saya masa takalmi, ya dinga binmu ta gaɓa.” Wani masunci da ke gyaran koma a kusa ya tuntsire da dariya. Fuskar Baba ta rufe. Da na faɗi gaskiyar a cikin wasa, shi ke nan ta zama wasa. Na kwance notin da hannuna, na ɗaga katakon zuwa huji na huɗu, na ɗaure tam.

Abin haushin shi ne da muka gwada, lafiya lau. Jirgi babu kaya, ni da Baba duk muna baya, nauyinmu ya danne gindin jirgin cikin ruwa. Inji ya yi ta tsiyayar da ruwansa, har gudu ya ƙara. Baba ya kalle ni ya ɗaga gira. Ni ma sai na fara tunanin ko makanikin ne bai taɓa kiwo ba.

Washegari ranar kasuwa ce. A garinmu manya ba sa zama a baya, ko a masallaci, ko a wurin suna, balle a jirgi inda hayaƙi yake. Mai unguwa ya shiga ya wuce gaba. Shi kuwa Mai unguwarmu, tumbinsa kan riga shi shiga sallah da raka'a guda. Liman ya bi shi, sai Kawu yayan Inna, sai wasu dattawa uku. Buhunan shinkafa ma gaba aka jibge su, don a baya ruwa ke taruwa. Mata suka zauna a tsakiya da ƙwaryar nono da kaji. Baba ya tsaya can a goshin jirgin da gorarsa. Baya kuma sai ni kaɗai, ni da in na juya gefe ba a ganina.

Tun kafin in ja igiya na ji bayan jirgin ya ɗago, kamar akuya mai shirin tunkuyi. Na ja, inji ya tashi. Muka bar gaɓa. Da farko ruwan bututun na fitowa, amma yana yankewa, tsit, tsit. Da muka shiga tsakiya inda iska ke kaɗa ruwa, sai injin ya fara wani irin ihu, farfela na sarar iska tana watsa kumfa, jirgi kuma ba ya gaba yadda ya kamata. Na leƙa. Farantin yana sama da ruwa da kusan yatsa uku. Bututun ya bushe ƙayau.

Na ɗaga murya. “Baba! Ruwan ya tsaya! Injin zai ƙone!”

Mai unguwa ya juyo da ƙyar. “Wa ke magana? Au, ɗan gidan Ardo ne. Ba kai ka ce jiya injin nan ya bar inuwarsa a baya ba? Yau kuma ƙonewa zai yi a cikin ruwa?”

Jirgi ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce, “Ja'irin yaro, so yake mu yi salati ya sami na ba da labari.”

“Wallahi da gaske nake! A dawo da buhu biyu baya, ko mutum biyu su taso!”

Kawu ya ce, “Ka ji shi. Wa zai taso? Liman ko Mai unguwa? Kai, ka ji tsoron Allah, da safen nan.”

Na dubi Baba. Ya ji ni sarai. Na ga idonsa ya sauka kan injin, ya koma kan dattawan da ke zaune a gabansa, har da yayan matarsa. Ta yaya zai ce dattijo ya tashi ya koma baya wajen hayaƙi saboda ɗansa ya faɗa? Ɗan nasa da gari ya sani? A gaban masuntan da kwale-kwalensu ke gefenmu suna kallo? Ya juya fuskarsa ga ruwa.

“Kai. Rufe mana baki ka tuƙa.”

Babban yatsana yana kan jan maɓallin. Wannan ne wurin da nake so in ƙara wa labarin gishiri, in ce maɓallin ya maƙale, ko igiyar ruwa ta buge min hannu. Ba abin da ya maƙale. Danna shi bai kai wahalar kashe sauro ba. Amma in na kashe, jirgi zai tsaya cik a tsakiyar ruwa, kowa ya san ɗa ya ƙi maganar ubansa a bainar jama'a. Gaɓa kuma ga ta can ana hango ta. Dariyar ma ba ta gama mutuwa ba, ni kuwa tun ina yaro ban taɓa iya barin dariya ta mutu a gabana ba.

Na ce, “To shi ke nan. Ƙila nauyin Mai unguwa ya gani ya haɗiye yawunsa.”

Suka sake fashewa, har Mai unguwar yana riƙe tumbi. Na ɗauke yatsana daga maɓallin na ƙara wuta, wai mu isa da wuri.

Warin ne ya fara zuwa, irin na tukunyar da aka manta a murhu. Murfin injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sai ya yi wata ƙara, ƙaƙaƙas, kamar an zuba tsakuwa a turmi, ya yi shiru. Na ja igiya. Ta ƙi motsi ko kaɗan, kamar an ɗaure ta a jikin kuka.

Ba wanda ya yi dariya. Kaza ɗaya ce ta yi kuka. Ruwa ya fara janmu gefe zuwa cikin kacala. Baba ya kafa gora ya tura, da wannan kafaɗar, jirgi cike da buhuna da manya. Ina ganin jijiyar wuyansa. Sau ɗaya gorar ta kusa kuɓuce masa, ya cije leɓe ya sake kafawa. Wani masunci ya matso ya jefo mana igiya, ko tsokanar da suka saba bai yi ba, hakan kuwa ya fi min tsokanar ciwo. Da muka isa gaɓa, Mai unguwa ya sauka yana gyara babbar riga ya ce, “Ashe yau yaron gaskiya ya faɗa.” Sai ya wuce kasuwa.

Bayan kwana biyu muka ɗora injin a mota muka kai Haɗeja. Makanikin ya buɗe kansa, ya leƙa, ya saki wani dogon tsaki. Ya ciro wani ƙarfe da ya narke ya manne da ɗan'uwansa ya ajiye a gabanmu.

“Ya buga. Wannan sai dai a sayar wa masu gwangwan. Wa ya taɓa min katakona?”

Baba ya ce, “Ni ne na sa.”

“Haba Malam! Na gwada muku da hannuna.” Ya girgiza kai, sannan ya juyo gare ni. “Kai kuma mai baki, ka ga ruwan ya tsaya?”

“Na gani.”

“Ka kashe?”

A duniya ban taɓa rasa amsa ba. Malamin lissafinmu ya taɓa cewa ko a kabari sai na yi wa mala'iku musu. Ranar na tsaya ina kallon baƙar rigarsa, bakina kamar an cika shi da gari.

Muna cikin mota muna dawowa, har mun kusa gida. Baba yana kallon taga ya ce, kamar da gilashin yake, “Na cinye wa yaro saniyarsa.”

Da zagina ya yi da ya fi min. Da ya ɗauki gorar nan ya karya ta a bayana, da na sami abin ba da labari. Ya ɗauki laifin duka ya saɓa a kafaɗar da ba ta da lafiya, bai bar min ko ƙyalle ba, alhali ni na san yatsan wa ke kan maɓalli. Ban kuma iya ce masa komai ba, don a gidanmu ɗan fari ba ya zama ya buɗe ciki da ubansa. Inna ma ba ta yi faɗa ba. Ruwan zafi kawai ta koma dafawa kullum da yamma.

Bai sayar wa masu gwangwan ba. Injin yana nan a rumfa, jingine da turke, lulluɓe da bargo. Masunta sun koma tambayar kifi nawa aka tatsa. Yaran unguwa kuma in sun gan ni sai su ce, “Ba mu labarin inuwar nan mana!” Wani lokaci ina ba su. Sai dai yanzu in suna dariya, warin tukunyar nan nake ji.

Bana da ruwa ya sake kwanciya a kan hanya, na riga Baba zuwa mashigi da safe. Ƙarafan suna nan a bayan jirgin, sun fara tsatsa, katakon yana huji na huɗu inda na ɗaure shi. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na aro sifana wajen mai faci, na sha fama da notin har fatar yatsana ta saɓule, na sauko da katakon huji na biyu na ɗaure.

Ina cikin haka Baba ya iso da gora a hannun hagu. Ya tsaya ya dubi katakon, babu komai a maƙale da shi. Ya sa yatsa ya ƙirga hujin daga ƙasa, ɗaya, biyu.

“Nan ne wurinsa,” in ji shi.

Fasinja sun fara taruwa, Mai unguwa na tafe zai wuce gaba. Baba ya gwada ɗaga hannun dama, ya kasa kai shi kafaɗa. Sai ya miƙo min gorar.